Babi na Shida: Bishop Biyu a Gari Ɗaya

Ranar Lahadi 19 ga Nuwamba, 1865, tun da hantsi jama'a suka yi dafifi a ƙofar Majami'ar Bitrus da ke Pietermaritzburg, hedkwatar yankin Natal a kudancin Afirka. Ƙofa a garƙame take, ba kuma wanda ya ji ƙararrawa, don an riga an kwance mata igiya. Masu kula da majami'ar sun ce yau babu sujada. Amma a daren Asabar magoya bayan bishop sun samo takarda daga hannun Alƙalin Alƙalai cewa dole a buɗe. Da aka buɗe, mutane suka ɗura ciki, ba masaka tsinke. Bishop John William Colenso ya shigo. Aka tare shi, aka karanta masa hukuncin da ya tuɓe shi, shugaban limaman majami'ar, James Green, ya ce masa ya fice daga ɗakin Allah. Bai fita ba. Ya sa rigar aikinsa, ya ja addu'a da kansa. An kulle abin kiɗan da ake bin waƙa da shi, sai ya ɗauko waƙar da muryarsa, jama'a suka amsa. Shi kuwa Green ya durƙusa gaban bagade, ya ba su baya.

Su biyun nan ɗarikarsu ɗaya, Angilika, littafin addu'arsu ɗaya, kuma sun shafe shekaru suna aiki a ɗaki ɗaya. Ɓarakar da ta fito fili a ranar sai da ta haura shekara ɗari kafin jikokin waɗanda suka cika majami'ar su sake zama a benci ɗaya.

Colenso mutumin Cornwall ne, a kudu maso yammacin Ingila, an haife shi a 1814. Kafin a san shi da limanci, da lissafi aka san shi. Ya yi fice a Jami'ar Kambirij, ya koyar a makarantar Harrow, gobara ta cinye gidan da yake ajiye ɗalibai, bashi ya yi masa katutu, sai ya zauna ya rubuta littattafan lissafi da 'yan makaranta suka yi ta amfani da su a duk faɗin Ingila. A riƙe wannan, domin halin mai lissafi, wanda ba ya yarda da jimla sai ya tara ta da hannunsa, shi ne ya bi shi har Afirka. A ƙarshen 1853 aka naɗa shi bishop na farko na Natal, a 1855 ya tare da iyalinsa a wani tudu a wajen gari. Nan ya kafa tashar mishan da aka sa wa suna Ekukhanyeni, wato wurin haske, da makaranta da injin buga littafi. Ya koyi Zulanci sosai. Ya rubuta nahawu da ƙamus, ya fassara Sabon Alkawari. Zulu suka laƙaba masa suna Sobantu, uban jama'a.

Tun a farkon zuwansa ya fara taka sawun ɓarawo a idon 'yan uwansa Turawan mishan. Al'adarsu ita ce, mai mata biyu ko uku in yana son baftisma sai ya zaɓi ɗaya ya sallami sauran. Colenso ya ce wannan zalunci ne. Matar da aka aura bisa al'adar mutanenta, aka biya shanunta, ta haifi 'ya'ya, da wane laifi za a kore ta? Ina za ta? Wa zai riƙe yaran? Bai ce auren mace fiye da ɗaya shi ne koyarwar Kirista ba. Cewa ya yi wanda bishara ta tarar da matansa, a bar shi da su, kada dai ya ƙara. Mai karatu Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san abin da korar uwargida ko amarya ba gaira ba dalili ke jawowa a gida. Taron Lambeth, wanda ke haɗa bishop-bishop ɗin Angilika na duniya, ya ƙi wannan ra'ayi a 1888, sai a 1988 ya dawo ya amince da kusan abin da Colenso ya faɗa, bayan bishop-bishop ɗin Afirka sun matsa.

A 1861 ya fitar da sharhi kan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. A ciki ya ce ƙaunar Allah ta riga ta game dukan 'yan Adam, da wanda ya ji bishara da wanda bai ji ba, kuma shi ba zai iya ci gaba da koyar da azaba marar iyaka ba. Daga inda yake zaune ne wannan magana ta fito. Kullum yana tare da mutanen da ake gaya musu iyayensu da kakanninsu duk suna wuta, don kawai sun mutu kafin jirgin Turawa ya iso. Ya kasa duban idonsu ya maimaita hakan.

Amma allurar da ta tono garma a teburin fassara ta fito. Cikin masu taimaka masa akwai William Ngidi, Bazule, wanda a da tuƙin keken shanu ne sana'arsa. Suna aikin littafin Farawa, suka iso labarin jirgin Nuhu. Ngidi mutum ne da ya san dabba, ya san yawan ciyawar da sa ɗaya ke ci a yini. Sai ya ɗaga kai ya tambayi bishop, shin da gaske haka abin ya faru? Shi kansa bishop ya gaskata cewa dukan dabbobi da tsuntsaye, na ƙasar zafi da na ƙasar sanyi, sun shiga jirgi ɗaya bibbiyu, kuma Nuhu ya tara musu abinci har da na masu cin nama? Wata rana kuma suka zo kan dokar da ke cikin littafin Fitowa game da ubangidan da ya doki bawansa, bawan ya kwana ɗaya ko biyu sannan ya mutu, aka ce babu hukunci a kansa tunda bawan dukiyarsa ne. Ngidi ya kasa haɗiye wannan a matsayin maganar Allah mai jinƙai.

Na daɗe ina juya wannan zama a raina. Hanya mafi sauƙi ga bishop ita ce ya ce masa, kai dai ka ba da gaskiya, ka bar abin da ya fi ƙarfinka. Malamai da yawa, a addinai da yawa, haka suke sallamar mai tambaya. Colenso ya san abin da masana duwatsu da ƙasa na zamaninsa ke faɗa game da ruwan ɗufana, ya kuma san cewa in ya ce e, ya yi wa mutumin da ya amince da shi ƙarya. Bai ce e ba. Ya koma ɗaki ya ɗauko Attaura da alƙalami, ya fara abin da ya fi iyawa, wato tarawa da rabawa.

Littafin Ƙidaya ya ce mayaƙan Isra'ila a jeji sun kai 603,550. In aka haɗa da mata da yara da tsofaffi, jama'a za ta kai miliyan 2. Nassi ya ce a tara taron duka a ƙofar alfarwa ta sujada. Colenso ya auna faɗin alfarwar, ya ga mutum 9 ne za su jeru a gabanta, saboda haka layin maza kaɗai zai miƙe kusan mil 20. Firistoci kuwa uku ne rak, Haruna da 'ya'yansa biyu. Ya ƙiyasta haihuwar da jama'a mai wannan yawa za ta yi a rana, da tattabarun hadaya da doka ta ɗora wa mai jego, ya ga kowane firist sai ya ci tattabara 88 kullum. Daga nan ya yanke cewa littattafan ba Musa ne ya rubuta su yadda suke ba, kuma ba tarihi ba ne irin wanda mai gani da ido ke rubutawa. Kashi na farko na littafinsa ya fito a Landan a 1862, ya ci gaba da fitar da sauran har kashi bakwai, na ƙarshe a 1879.

Ingila ta ɗauki zafi. Jaridu suka yi ta ba'a, wai bishop ya je juyo da Bazule, Bazule ya juyo da shi. Bishop kimanin 40 suka sa hannu a wasiƙa suna roƙonsa ya ajiye muƙami. Aminin da ya ɗauka tamkar malaminsa, F. D. Maurice, ya juya masa baya. Ƙungiyoyin da ke aika masa kuɗin mishan suka janye hannu. A nan ya kamata a yi wa masu adawa da shi adalci. Lissafin Colenso busasshe ne, ba ya lallashi. Tsohuwar da ta yi shekara sittin tana samun ƙarfin zuciya daga labarin fitowar Isra'ila daga Masar, ba abin da tattabara 88 za ta ba ta sai ruɗani. Ya rushe da sauri, ginin da ya yi niyyar ɗorawa a gurbin kuwa mutane kaɗan ne suka tsaya suka gani. Shi dai a nasa ganin, Littafi Mai Tsarki na ɗauke da maganar Allah ko da alƙalumansa ba su daidaita ba, kuma bangaskiyar da ke tsoron tambayar mai keken shanu ba za ta yi ƙarko a Afirka ba.

Wanda ya ɗaura ɗamarar hukunta shi shi ne Robert Gray, Bishop na Cape Town, wanda takardar naɗinsa ta ba shi fifiko a kan sauran bishop-bishop na yankin. Gray ba mugu ba ne, mutum ne da ya ƙarar da lafiyarsa da dukiyarsa wajen kafa coci a ƙasar. Tambayarsa ita ma mai nauyi ce: in ikilisiya ba ta da ikon cewa wane ba ya koyarwa da sunanmu, to me ya rage mata? A Nuwamba 1863 ya kafa kotun coci a Cape Town, da bishop biyu a gefensa, aka karanta tuhuma tara. Colenso yana Ingila, bai zo ba, ya aiko wakili ya ce Gray ba shi da hurumin yi masa shari'a. Ranar 16 ga Disamba aka tuɓe shi, aka ba shi wata huɗu ya janye maganarsa.

Maimakon ya janye, sai ya kai ƙara gaban kwamitin shari'a na majalisar Sarauniya Biktoriya, kotun ƙarshe ga ƙasashen da Ingila ke mulka, wadda Najeriya ma can take ɗaukaka ƙara har zuwa 1963. A Maris 1865 alƙalan suka soke hukuncin Gray. Ko kallon batun Attaura ba su yi ba. Cewa suka yi a lokacin da Sarauniya ta ba Gray takardar fifikon nan, yankin ya riga ya sami majalisar dokokinsa, don haka takardar ba ta iya ba shi ikon shari'a a kan kowa ba. Da wannan hukunci a hannu Colenso ya koma Natal, aka yi abin da muka gani a ƙofar Majami'ar Bitrus. A Janairu 1866 Green ya karanta takardar Gray da ta fitar da Colenso daga tarayyar ikilisiya ɗungurum. Na ɗan lokaci ɗaki ɗaya ya riƙa ɗaukar sujada biyu, Green da mutanensa da sassafe, bishop da nasa da hantsi. A 1868 kotun Natal ta ba Colenso gine-ginen, Green ya kwashi jama'arsa suka gina Majami'ar Mai Ceto a cikin garin. A Janairu 1869 Gray ya naɗa William Macrorie, aka kira shi Bishop na Maritzburg, tunda sunan Natal doka ta bar wa Colenso. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, amma ga bishop biyu, babbar majami'a biyu, kowa ya ja daga, gidaje sun rabu, maƙwabta sun daina gaisawa a hanyar coci.

Girgizar ta kai har Kanada. Bishop-bishop ɗin can suka tsorata, suka ga in kotun gwamnati na iya mayar da wanda coci ta tuɓe, to ina makomar koyarwa? Suka roƙi Akbishop na Kantabari, Charles Longley, ya tara bishop-bishop ɗin ɗarikar na duniya. A Satumba 1867 aka yi taron Lambeth na farko. An gayyaci 144, 76 suka zo. Akbishop na York ya ƙi halarta, shugaban Majami'ar Westminster kuma ya hana a yi sujadar rufe taro a can. Longley ya yi alƙawari tun farko cewa taron ba kotu ba ne, ba zai kafa doka ba, shawara kawai za a yi. Duk da haka Gray ya sami fiye da 50 daga cikinsu suka sa hannu a gefe cewa sun yarda da hukuncinsa. Wannan rauni da aka haifi taron da shi, na cewa yana iya magana amma ba ya iya tilasta wa kowa, yana nan har gobe. Taron da Cocin Angilika ta Najeriya ta ƙaurace wa a 2008 da 2022 kan wata rigimar koyarwa daban, asalinsa tambayar da William Ngidi ya yi ne a Ekukhanyeni. A kotun Cape Town, da ta Landan, da zauren Lambeth, babu Bazule ko ɗaya a cikin masu yanke magana.

Turawan Natal da yawa sun bi Colenso ne don suna ƙin ikon Gray, ba don sun karanta littafinsa ba. Goyon bayansu bai wuce 1873 ba. A shekarar gwamnati ta far wa Langalibalele, sarkin Hlubi, kan bindigogin da samarinsa suka samo a aikin haƙar lu'ulu'u, aka tarwatsa jama'arsa, aka yi masa shari'ar jeka-na-yi-ka, aka tura shi tsibirin Robben. Colenso ya bi takardun shari'ar kamar yadda ya bi Attaura, layi bayan layi, ya ga ƙarya, ya ɗauki jirgi zuwa Landan ya kai kuka. Wannan ya raba shi da babban amininsa Theophilus Shepstone, mai kula da harkokin baƙaƙen fata, ya kuma sa bencin majami'arsa ya fara zama wayam. A 1879, bayan Zulu sun karkashe rundunar Ingila a Isandlwana, aka ware rana don addu'a da ƙasƙantar da kai. Colenso ya hau mumbari ya gaya wa masu makoki cewa yaƙin da aka kai wa Sarkin Zulu Cetshwayo ba na adalci ba ne. A wurina halin da ya hana shi yi wa Ngidi ƙarya, shi ne ya hana shi yin shiru a nan. Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 1883, aka binne shi gaban bagaden Majami'ar Bitrus. Shekara guda bayan haka gobarar daji ta lashe gidansa.

Sulhu bai zo da an zauna an tantance wa ke da gaskiya ba. Gray ya riga ya rasu tun 1872. Mabiyan Colenso suka zaɓi wanda zai gaje shi, Kantabari ta ƙi naɗawa, suka zauna shekara goma ba bishop, ba mai ɗora wa 'ya'yansu hannu, ba mai naɗa musu sababbin limamai. Macrorie kuma ya gane cewa muddin yana kan kujera ɗaya ɓangaren ba zai shigo ba, domin ganinsa kaɗai na tuna musu da ranar da aka naɗa shi a kan mai rai. Sai ya ajiye aiki ya koma Ingila. Ba a cika yaba masa kan wannan ba, alhali ba don ya kauce ba da ƙofar ba ta buɗu ba. Ɓangarorin biyu suka bar wa Akbishop Benson na Kantabari zaɓi, shi kuwa a 1893 ya turo Arthur Hamilton Baynes, mutumin da ba ya cikin rigimar tun farko. Baynes ya bi ikilisiyoyin ɗaya bayan ɗaya, da lallashi da haƙuri, bai nemi kowa ya tashi a bainar jama'a ya ce ya yi kuskure ba. Kafin ya bar Natal a farkon ƙarni na 20, yawancin majami'un Turawa na ɓangaren Colenso sun dawo ƙarƙashin inuwa ɗaya. Batun Musa da Attaura kuwa babu wanda ya tayar, don a lokacin makarantun tauhidi na Angilika a Ingila sun fara koyar da abubuwa da dama da aka tuɓe Colenso a kansu.

Saura filaye da gine-gine. A 1910 majalisar Natal ta yi doka ta miƙa dukiyar da ke hannun ɓangaren Colenso ga babbar cocin Angilika ta yankin. A takarda an ɗinke ɓaraka ke nan. Amma akwai waɗanda aka ɗinke da fatarsu. 'Yar Colenso ta fari, Harriette, wadda Zulu ke kira Udlwedlwe, sandar da mahaifinta ke dogarawa, ita ta riƙe majami'un Zulu na Sobantu bayan rasuwarsa, ita ce kuma ta ƙarar da abin hannunta wajen kare Dinuzulu, ɗan Cetshwayo, a shari'o'in da aka yi masa. Dokar ta raba ta da ƙanwarta Agnes da filin da suka girma a kai da ɗan abin da suke samu. Suka koma wani ƙaramin gida a wajen gari, tsofaffi biyu ba mai tallafi, suka rasu a 1932, ɗaya na bin ɗaya. Wasu daga cikin ikilisiyoyin Zulu na Sobantu ba su shiga sulhun ba, daga baya suka haɗe da wata cocin Angilika dabam da ba ta ƙarƙashin babbar cocin. Ina ganin sulhun ya cancanci yabo, domin ya raba dubban mutane da gabar da suka gada ba su san mafarinta ba. Amma ba zan iya rubuta shi ba tare da na ambaci matan nan biyu da Zulun da aka yi shawarar ba da su ba, alhali saboda su Colenso ya shiga duk abin da ya shiga.

A cikin garin Pietermaritzburg kuwa, ko bayan an koma bishop ɗaya, majami'u biyun sun ci gaba da zama daban, kowace da jama'arta da limaminta da tarihin da take ba 'ya'yanta. Sai a 1976 ikilisiyoyin biyu suka narke suka zama ɗaya. Ba a ce mutanen Bitrus su koma Mai Ceto ba, ba a kuma ce na Mai Ceto su dawo Bitrus ba, sabon ɗaki aka gina wanda babu kakan kowa a cikin tarihinsa, aka sa masa suna Babbar Majami'ar Haihuwa Mai Tsarki, aka keɓe shi a 1981. Ginin Mai Ceto aka kwance shi, aka kwashi kayan zuwa Randjesfontein, tsakanin Johannesburg da Pretoria, aka sake tayar da shi a can. Tsohuwar Majami'ar Bitrus, wadda aka kwance wa igiyar ƙararrawa, tana nan a harabar sabon ginin. Wanda ya shiga ya taka zuwa gaban bagade zai ga dutsen kabari a ƙasa, an sassaƙa masa sunan da Zulu suka ba shi, Sobantu.